Irin da Ya Tafi Abuja

Shekarar da cuta ta cinye citta a ƙasar Jaba, a duk ƙauyen su Yemima da ke gefen Nok ɗan yanki ɗaya ne ya kuɓuta. Yankin na mahaifiyarta ne, Mama Serah, a kan tudu bayan dutse, inda ruwa ba ya kwanciya. Sauran gonaki kuwa cikin mako biyu na Agusta ganye ya yi rawaya, in ka ja kara sai ya biyo hannunka kamar dafaffe, ƙasa ta yi ta warin ruɓa har mutane suka daina bin hanyar gona.

A watan Disamba Mama Serah ta tone nata. Buhu uku ta samu na tafin giwa, citta mai kauri da ta gada a hannun uwarta. Ba ta yanka ba, ba ta shanya ba, ba ta kai kasuwa ba. Ta haƙa rami a inuwar mangwaro, ta jera ta a ciki, ta rufe da ganye da busasshiyar ciyawa. Ta ce wannan iri ne, babu mai taɓa shi sai ruwan Afrilu ya sauka. Buhu biyu na gonarta, buhu ɗaya kuma ta miƙe a coci ta yi wa matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, alkawarinsa, kowace ta samu ɗan abin da za ta sake farawa da shi.

Yemima ita tana Kafanchan. Ta yi digiri a kan harkar noma, kuma duk wanda ya tambaye ta yaushe za ta tafi Abuja neman aiki, amsa ɗaya take ba shi: Abuja ce za ta nemo ta. Ita ce ta haɗa mutum uku da ba su taɓa zama benci ɗaya ba. Akwai Anti Jacinta mai wanke acca har ba ka jin tsakuwa ko ɗaya a haƙori. Akwai Adda Zamzam da ke kawo man shanu daga rugarsu ta wajen Samaru Kataf. Akwai Baba Gershon, tsohon malamin firamare da ya koma kiwon zuma. Ita kuma citta ce tata, da waya. Kowannensu in shi kaɗai ne, kuɗin mota ma ya isa ya cinye ribar. Sai suka buɗe shafi ɗaya a intanet, suka sa masa suna Kwali Ɗaya, suka yi sitika ɗaya, duk ranar Alhamis Malam Salihu direba ya kwashi kwalayensu zuwa Abuja. Dokarsu biyu ce: oda ta tafi cikakkiya ko kada ta tafi, kuma babu wanda zai zagaya ya sayar wa kwastoman shafi shi kaɗai.

Tun da cutar ta zo, gurbin citta a shafin ya zama fanko. Wata rana a watan Maris, Yemima tana duba hotunan wayarta ta ci karo da wanda ta ɗauka lokacin Kirsimeti, ranar da aka tone gonar tudu. Citta ce jibge a kan tabarma, fatarta sumul, kowace kamar tafin hannun ƙato. Ta ce bari ta ɗora, ko don shafin ya yi kyan gani. Ta rubuta a ƙasa: Tafin giwa, daga Nok.

Kafin la'asar saƙo ya shigo daga wata Madam Edna mai babban shagon kayan abinci a Abuja, wadda kuma take matse lemon citta tana sayarwa a kwalba. Tana son acca, tana son zuma, tana son man shanu, kowane wata, ba sau ɗaya ba. Amma abin da ya kawo ta ɗanyar citta ce, buhu biyu, irin ta hoton nan. Ta ce ta gaji da bin mutum huɗu a waya, hannu ɗaya take so. In babu cittar, a bar sauran.

"Akwai?" ta rubuto.

Yemima ta daɗe tana kallon kalmar. Wata bakwai suna neman irin wannan kwastoma. Yatsanta ya riga tunaninta.

"Akwai, Ma."

Washegari suka taru a shagon Anti Jacinta, tsakanin buhunan acca.

"To Digiri," in ji Anti Jacinta, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba, "a wace gonar? Ko a cikin wayar kike nomawa?"

"Zan nemo, Anti."

"Ki nemo. Ni ma jiya na nemi ta shayi, abin da aka miƙo mini kamar yatsan tsohuwa."

Baba Gershon ya gyara tabarau ya ce, "A makaranta mukan ce wa yara, kada ka ɗaga hannu in ba ka san amsa ba."

"Baba, ai kai ma ka ɗaga," in ji Adda Zamzam. "Tun jiya kake wanke jarkokin zuma, na gani." Aka yi dariya, amma ita ba ta daɗe tana yi ba. Ta juyo ga Yemima. "Ƙanwata, ni ba zan ɓoye miki ba. Zafin nan man ba ya jira. Na riga na ce wa matan ruga su tara mini na sati biyu. In ba za a tafi ba, ki faɗa yau in je in ji kunyata da wuri."

"Za a tafi, Adda."

Kwana uku ta yi tana yawo. Ta zagaye kasuwar Kafanchan, ta hau mota zuwa Kwoi, ta kira wani ɗan ajinsu a Kachia. Busasshiya akwai kaɗan. Ɗanya kuwa, in an samu, sai ka karya ka ga cikinta ya yi baƙi. Wani dillali ya dube ta ya ce, "'Yar uwa, wanda ke da lafiyayyar citta bana, ko matarsa bai gaya wa inda ya binne ba."

Ranar Litinin ta hau acaɓa zuwa gida.

Ta tarar da Mama Serah a gindin mangwaron, tana yayyafa wa ramin ruwa daga kwano da hannu don kada zafi ya kai ga irin. Yemima ta gaishe ta, ta sha ruwa, ta yi zancen coci, ta yi zancen akuyar da ta haihu. Mama ta bar ta har ta ƙare.

"Mima, ba ki zuwa ranar Litinin. Faɗi."

Ta faɗa. Ta yi bayani kamar yadda ta iya, da kalmomin makaranta: kasuwa mai ɗorewa, kwastoma na kowane wata, mutum huɗu da iyalansu. Ta ce in an samu ciniki za a sayi wani irin.

"A wurin wa?" in ji Mama.

Yemima ta dubi ramin.

"Na tambaye ki. A wurin wa? Duk ƙasar nan wurina suke zuwa. Jiya ma matar fasto ta zo ta tsaya a nan tana kallon ramin kamar kabarin ɗanta." Ta sake ɗibar ruwa ta watsa. "Ana cin hatsi, ana cin kaza har da mai ƙwai in baƙo ya zo. Iri ba a cinsa. Uwata ta riƙe wannan a shekarar da muka ci ganye."

"Na sani, Mama."

"Kin sani kika sa shi a waya."

Kaji suka zo suna tonon gefen ramin, Mama ta kore su. Yemima ta riga ta fara shirya abin da za ta gaya wa Adda Zamzam, sai ta ji tambayar.

"Matar nan ta Abuja, cewa kika yi za ki duba, ko cewa kika yi akwai?"

"Na ce akwai."

"Da bakinki?"

"A rubuce."

"Yesu." Mama ta ajiye kwanon. "Kuma Bafulatanar ta riga ta gaya wa mutanenta." Ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa. "Ba za a ce 'yar Serah ta yi ƙarya a gaban baƙi ba. Kawo buhu. Biyu nawa ne, zan yi yadda nake so da su. Na ukun na Zumunta ne, ko kallonsa kada ki yi."

Da suka yaye ciyawar, Yemima ta ji ƙamshin ya bugi hancinta. Wata uku a cikin rami, irin ya farka. Kowane gaɓa ya fito da ido, farare masu ɗan ja a baki, wasu har sun kai tsawon farce. Duk wanda ya tashi a ƙasar citta ya san ma'anar wannan: lafiya ce, ƙarfi ne, cittar da babu cuta a jikinta. Mama ta zauna tana zaɓa da hannunta. Wadda idonta ya fi kauri ita take sawa a buhun Abuja.

"Tunda za a ba baƙo, a ba shi na kirki," ta ce. "Ta gani ta san daga inda ya fito."

Yemima ma haka ta gani. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa a hoton Disamba babu ido ko ɗaya.

Madam Edna ta ce ba ta son ƙasa a shagonta. Don haka ranar Laraba suka baje a bayan shagon Anti Jacinta, suka wanke cittar ɗaya bayan ɗaya da tsumma, a hankali don kada idanun su karye. Suka bar ta ta sha iska kaɗan, suka zuba a fararen ledoji, suka liƙe bakin kowace da injin liƙi, suka jera a kwalaye, suka manna musu sitika: Kwali Ɗaya, Kafanchan, Jihar Kaduna. Da Mama ta ji a waya an wanke, cewa ta yi iri ba ya son wanka, amma tunda cinsa za a yi, ba komai. Alhamis da safe Malam Salihu ya ɗaure kwalayen, ya ce, "Hajiya Digiri, yau kam motata ƙamshi take, ko fasinja mai mura ya warke."

Juma'a shiru. Asabar da yamma saƙon murya ya shigo. Yemima ta saurara a tsaye a bakin titi, ta sake saurara.

Madam Edna ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta ce accar ta yi, zumar ta yi, man ma ba laifi, ta riƙe su na wannan karon. Amma cittar tsohuwa ce. Duk ta yi ƙaho. Ta tambayi yaranta na shago, sun ce abin da ya kwana a sito ne har ya fara tsiro, kwastomominta ba za su taɓa ba. Ba wannan ta gani a hoto ba. Ta riga ta sa an mayar tasha tun jiya. Zancen kowane wata kuma, a dakata tukuna.

Yemima ta kira, ba a ɗauka ba. Ta rubuta dogon bayani, cewa idon nan shi ne shaidar lafiya, cewa a ƙasar Jaba yau babu cittar da ta kai wannan, cewa iri ne, irin uwarta ne. Ta ga alamar an karanta. Amsa ba ta zo ba. Sai ta goge duk wani zancen ciniki daga ranta, ta rubuta layi ɗaya: Don Allah Ma, wace tasha, wane direba?

Sai Lahadi bayan sujada amsar ta zo. Ma'aikacin shagon ne ya kai, ya ga an rubuta Kaduna a jikin kwali, ya ba motar Kaduna. Bai karɓi lambar direba ba.

Daga nan abin ya fita daga hannunta. Waya ce kawai a hannun, wayar da take taƙama da ita, ta yi ta dannawa har batir ya mutu, ta yi caji a shagon mai aski ta ci gaba. Malam Salihu ya kira abokansa na layin Kaduna. Wannan ya ce a tambayi wancan, wancan ya ce shi ranar Juma'a bai yi lodi ba. Baba Gershon ya tuna da wani tsohon ɗalibinsa ɗan ƙungiyar direbobi, aka kira, lambar ba ta shiga. Kowane dare Yemima ta kwanta tana ganin ledojin nan da ta liƙe da hannunta, da kyau, babu ko hudar allura. Ta karanta wannan a aji. Ta san abin da jiƙaƙƙiyar citta take yi a cikin leda a zafin Maris. Mama ta kira sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Talata da azahar aka gano kwalayen, a ɗakin ajiyar kaya na wata tasha a Kaduna. Aka ba ta lambar mai kula da ɗakin.

"Baba, don girman Allah, ka buɗe kwalayen ka yayyaga ledojin. Ka baza su a inuwa kawai. Gobe ina zuwa."

"'Yata, ba ma buɗe kayan mutane."

"Nawa ne! Sunana Yemima, lambata ce a jikin sitikar, duba ka gani."

"Na gani. Amma ba ke kika kawo ba, kuma wanda ya kawo bai bar suna ba. In na buɗe gobe wani ya zo ya ce an taɓa masa kaya, wa zai tsaya mini? Shekara ashirin ina nan ban taɓa yanke igiyar kowa ba."

"Baba, ruɓewa yake yi. Iri ne."

"Allah ya kiyaye. Ki zo da katinki, ki buɗe da hannunki."

Ba ta iya jin haushinsa ba ma. Irin wannan amanar ce ta sa suke ba direbobi kaya su yi barci.

Laraba ta bi motar farko. Ɗakin ajiyar rufin kwano ne, babu taga. Tun daga ƙofa ta ji warin, warin nan na watan Agusta da ta yi zaton ta bar shi a gonakin ƙauye. Ledojin sun kumbura, gumi ya taru a cikinsu, idanun da Mama ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya sun yi baƙi sun narke. Tsohon ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta yayyaga ledojin duka a nan bakin ƙofa, ta juye a buhu, ta ɗaura, ta yi masa godiya.

A hanyar dawowa, bayan Kachia, hadari ya haɗo. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, fasinjoji suna ta hamdala, wata mata ta fara waƙar coci. Yemima ta jingina kai da gilashi tana kallon mutane a bakin hanya sun fito da fartanya.

Da ta isa ƙauye, Mama Serah ba ta tambaye ta komai ba. Ta dubi buhunan, ta shaƙi iska, ta ce, "Kada ki kawo su kusa da mangwaro. Kai bayan gida."

Can suka shimfiɗa tsohon buhu suka zauna, kowace da wuƙa. In an danna ya nutse, a jefa a rami. In da sauran tauri, a yanke ruɓaɓɓen, a duba ko akwai ido mai rai, a shafa toka a bakin yankan. Adda Zamzam ta iso da rana a kan acaɓa, ba wanda ya kira ta. Ta gaida Mama, ta naɗe zane, ta karɓi wuƙa.

"Mama, man nawa ya tafi, irinki ya mutu," ta ce. "Ban san da wane ido zan dube ki ba."

"Da wanda kika zo da shi. Yanka a nan, ba can ba, kin bar baƙi."

Kafin rana ta faɗi suka gama. Abin da ya rage daga buhu biyu bai cika ƙwarya ɗaya ba.

Yemima ta dubi ƙwaryar, ta dubi wajen mangwaro. Ta san amsar, amma ta kasa riƙe bakinta.

"Mama, na Zumuntan nan. In kin gaya musu abin da ya faru, za su gane. Ko rabi ne."

"Za su gane," in ji Mama. "Shi ya sa ba zan gaya musu ba sai sun kwashe." Ta goge wuƙar a zaninta. "Ke kin ce akwai, na cika miki. Ni ma na ce akwai."

Ranar Asabar matan suka zo da kwanoninsu, su goma sha huɗu, matar fasto a gaba. Mama ta raba da hannunta har ramin ya koma ƙasa da ganye. Yemima ce ta riƙe buhun.

Ƙwaryar kuwa Mama ta ce ba za ta hau tudu ba. Abin da ya kwana da ruɓa ba ya shiga ƙasa mai tsabta, ko da na uwarka ne. A bayan gida suka shuka, wuri bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, suka rufe da ganye. Gonar tudu, wadda ita kaɗai cuta ta tsallake a duk ƙauyen, bana masara za a zuba mata.

Suna wanke hannu wayar Yemima ta yi ƙara. Wani ne daga Legas, ya ga hoton da ta manta ba ta cire ba. Yana tambaya ko akwai.

Ta goge hannunta a siket, ta rubuta: Babu. Ta tsaya, ta dubi ɗan wurin da suka rufe da ganye, inda Mama ke kakkafa ƙaya don kaji. Ta so ta ƙara cewa sai baɗi, amma ba ta ƙara ba. Ta aika haka, ta cire hoton, ta je ta kama wa Mama ƙayar.